Rigar da Inna Kumfa Ba Ta Wanke Ba

Shekara talatin da ɗaya Inna Kumfa ta yi tana wanki da guga a tsakar gidan haya, kuma ba a taɓa jin hular wani ta tafi gidan wani ba. Kowane gida da launin zarensa. Takan soka ɗinki biyu a bayan wuyan riga: kore na gidan tela, baƙi na gidan malamin makaranta, ja kuwa na 'ya'yanta. Ita dai ba ta iya ganin datti ta kau da kai. Maƙwabta kan ce in ka daɗe zaune kusa da bahonta, kai ma sai ka tsinci kanka a kan igiya.

Autanta mai gyaran firji ne. Yana da shekara ashirin da shida ya ƙetara iyaka neman aiki. Ya kira sau biyu daga hanya, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu, har shekara bakwai. Duk Asabar takan fito da kayan da ya bari, ta wanke, ta sa bula, ta goge, ta mayar akwati. Babbar 'yarta ta yi magana har ta gaji.

"Inna, kayan nan fa ba wanda ya sa su."

"To in ya dawo, warin akwati zai saka?"

Wata safiya wata 'yar sanda ta yi sallama, riƙe da ƙaramar jaka. Ta zauna a kan kujerar tsuguno ta yi bayani a hankali. A wata ƙasa an kama wani mai safarar mutane, an kuma tono gawa goma sha ɗaya a bayan gidan da yake kulle fasinjojinsa. Ya rantse tsohuwar maƙabarta ce, bai san kowa a ciki ba. Amma kiran ƙarshe da Auta ya yi wa Inna, da wayar mutumin ya yi shi.

"Mama, akwai gwajin da ake kira DNA," in ji 'yar sandar. "Gashi da gumi da yawu duk suna ɗauke da shaidar mai su. Ko akwai wani abu nasa da ba a wanke ba? Hula, ko mataji, ko buroshin haƙori?"

Inna ta jawo akwatin ta buɗe. Hulunan sun sha sitati har suna tsayawa da kansu. Matajin ma ta sha jiƙa shi a ruwan zafi, buroshin kuwa tuni ya ƙare a wankin wuyan riguna. 'Yar sandar ta ɗaga wannan, ta ajiye wancan. Sai a lokacin Inna ta gane, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Na wanke ɗana. Da hannuna na wanke shi tas."

"A'a, Mama. Jinin da ke jikinsa rabi naki ne, wannan kam sabulu ba ya fitar da shi." Ta zaro wani tsinke mai auduga a kai. "Ɗan buɗe bakinki kawai."

Inna ta datse baki gam. Ba tsinken take tsoro ba. Shekara bakwai tana da ɗa mai dawowa, kuma ta san in ta buɗe baki, wataƙila ba ta da shi kuma.

"In aka ce shi ne fa?" ta tambaya ta tsakanin haƙora.

"Sai mu san inda yake kwance, shi kuma mutumin ya amsa a gaban alƙali. Amma ba dole, Mama."

Inna ta dubi igiyar shanya. "Sauran goman, su ma da iyayensu?"

"Da su. Wasu ba mu samo su ba tukuna."

Ta rufe ido, ta buɗe baki.

Bayan wata huɗu amsa ta zo: shi ne. Iyali shida suka ba da yawu kamar ita, zancen tsohuwar maƙabarta ya rushe, aka yanke wa mutumin ɗaurin rai da rai. Da aka gama shari'a, 'yar sandar ta dawo da kanta, ta miƙa wa Inna wani ƙunshin takarda. Riga ce a ciki, ƙasa ta ci rabinta. Inna ta juya bayan wuya. Zaren ya koɗe, amma ja ne, ɗinki biyu.

'Yarta, da ba ta san me za ta yi da hannuwanta ba, ta jawo baho ta fara zuba ruwa.

"Zubar da shi," in ji Inna.

Har yau tana wanki, kuma har yau ba ta raga wa datti. Amma rigar nan tana saman akwati da ƙasar kabarin a jikinta. Wata maƙwabciya ta taɓa tsokanarta, wai yau ga Inna Kumfa da datti a ɗaki. Inna ta shafa wuyan rigar, ta ce, "Wannan ba datti ba ne. Auta ne."