Na'urar Malam Babaji

Malam Babaji, tsohon ma'aikacin gwamnati, yakan ce duk Ƙofar Guga gidansa kaɗai ya fi ƙarfin ɓarnar ruwa. Hujjarsa wata na'ura ce da ya ajiye ƙarƙashin bututun ɗakin karatunsa, mai ihu da zarar ta jiƙe.

Ranar da bututun ya fashe bai ji komai ba, har littattafan da ya shekara talatin yana tarawa suka zama kunu.

"Hajo, ina na'urata?"

"Ai tana gindin famfon tsakar gida, Malam," in ji matarsa. "Wata biyar ke nan ita ke gaya mana an kawo ruwa."

Shi da kansa ya nuna mata yadda take aiki. Ran nan ma ta yi ihunta a kan kari, an cika randa uku.