Zuwa Abuja Jin Sakamakon Jinin Ɗanmu

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Mandawari, ni da maiɗakina da ɗanmu ɗan shekara tara. A goye na fito da shi daga lungu, don ƙafafunsa sun fara ƙin doguwar tafiya. Faɗuwa ta yi masa yawa, in zai miƙe sai ya dafa gwiwa. Watannin baya aka ɗebi jininsa, sai ga likita ta ce mu zo Abuja, maganar ba ta waya ba ce.

Kuɗin mota ya yi tashin da ban zata ba, ga direba na gudu kamar an biyo shi. A Zariya na sayo waina, yaron ya cinye tasa ya haɗa da ta uwarsa, ita ko loma ta kasa kaiwa baki. Muna wuce Kaduna motar ta yi tsit, kowa ido a daji, carbi a hannu.

Da muka isa asibitin a Abuja, likitar ta ce a jikin kowa akwai rubutun gado, jiki na karanta shi harafi uku-uku yana ƙera furotin, sinadarin da ke riƙe tsoka. Ta rubuta mana: KUN GAN SHI YAU.

“In harafi ɗaya ya faɗi, karatun duk ya goce: UNG ANS HIY AU. Furotin ba zai samu ba, yaro ya daina tafiya da wuri. In kuwa uku suka fita tare, KUN SHI YAU, an yi giɓi, amma sauran na karantuwa.”

Maiɗakina ta riƙe gefen tebur. “Likita, nasa wanne ne?”

“Na biyun, Hajiya. Furotin ɗinsa gajere ne, amma yana aiki. Ba a warkewa, sai dai ciwon a hankali yake tafiya. Za mu riƙa duba zuciyarsa, don ita ma tsoka ce.”



Muka kwana wajen ƙanena a Suleja, washegari muka juyo. Mahaifiyata na zaure tana jira, tun tuni ta haƙiƙance sammu ne. Na zauna na rubuta mata kalmomin nan da ajami. Ta daɗe tana kallo, ta ce, “To, Allah Ya ba mu ikon riƙe shi.”

A wannan tafiya na gane rashin sanin ciwon ya fi cin raina fiye da ciwon. Da safe na kira magini ya rage tudun ƙofar gidanmu saboda yaron.