Hoton Sabi'u a Bangon Masaƙa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago a Gyaɗi-Gyaɗi da safen nan aka bugo min cewa Sabi'u ya rasu.

Sati uku ke nan ina ƙin ɗaga wayarsa. Zan faɗi dalili, ko da za ku zage ni.

Inji ɗaya muka riƙe ni da shi a masaƙa, ni dutin safe, shi na rana. Ni na koya masa ƙulla zare da hannu ɗaya in ya tsinke. Kullum yakan zo da wuri ya karɓe ni don in samu jam'in Azahar, bai taɓa yi min gori ba.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki matata ta haihu. Ran suna na roƙe shi ya riƙe min safiya. Ashe ranar mai hoto zai zo.

Masaƙa ta mutu, daga baya aka mayar da ginin gidan tarihi. Sabi'u ya matsa sai mun je, ya biyo min tun daga Darmanawa. Muna shiga sai ga injinmu an goge shi tas, an kewaye shi da igiya. A samansa ga hoton Sabi'u, tsayinsa ya kai ƙofa, yana ƙulla zare da hannu ɗaya.

Ƙullina. A kan dutina.

Ma'aikaciyar wurin ta gane shi, ɗaliban jinya da suka zo kallo suka yanyame shi. Ni kuwa waya aka miƙo min, wai Baba ɗauke mu.

Ya riƙo hannuna ya ce, "Ga malamina nan, shi ya koya min."

Ko mutum ɗaya bai juyo ba. Wallahi ji na yi kamar sadaka ya ba ni. Na ce zan kewaya, na fice na tari Adaidaita Sahu, na bar shi a can.

Bayan kwana biyu ya turo saƙon murya: "Ɗanlami, na yi musu bayani, sun ce ka kawo hotonka. Yaushe za mu koma?" Na saurara har sau uku, na ce a raina ba na son alfarma.

Ba zan ɓoye muku ba, ko ɗazu a wajen jana'iza na tsinci kaina ina ƙirga sahu, ina tunanin ko ni zan samu rabin jama'ar nan. Sai a maƙabarta kuka ya zo min.

Allah Ka jiƙan Sabi'u, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya cire min wannan ƙyashi, don wanda zan ce wa ya yafe min mun rufe shi ɗazu.