Turakun da Na Matsar

Ni na matsar da turakun. Ranar Juma'a ce, ana tsakar huɗuba.

Ɗakina yana kan dutse ne, bayan unguwar Rusaifa. Bulo da kwano, ni na ɗora shi da hannuna. Ba ni da iƙama, takardar zama. Tun da na zo aikin Hajji na zauna, ina leburancin gini. Gabas da ni akwai ɗakin wani Badamagare mai tura tsofaffi a keke a Harami, shi da matarsa. Lungu ne tsakaninmu, tankin ruwa ɗaya muke sha. Ni Bakano ne, abokin wasansa, don haka kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Bawana, ka tashi? Zo ka wanke min ƙafa." Ni kuma in ce, "Wace ƙafar? Wannan faso naka ai ko ƙadangare ya shiga ba zai fito ba." Shekara tara muna haka.

A lokacin ana ta rushe unguwanni ana fitar da hanyoyi. Masu awo sun sha hawowa dutsenmu. Na farkon da 'yar na'ura suke zuwa a hannu, kamar rediyo. Su ɗaga ta sama, su jira, su shafa jan fenti a bango. Bayan 'yan watanni wasu su zo, fentin ya koma wani gidan. Wani tsoho ya kankare nasa ya shafa a dutsen gaba, ba wanda ya tanka. Muka ɗauka duk awon kame-kame ne.

Sai wasu suka zo da doguwar sanda mai faifai a ka. Suka kafa rodi biyu, suka ɗaura musu jan ƙyalle. Abin da ya faɗa tsakanin rodin biyu, katafila za ta ci. Ɗakina ne a tsakani. Na Badamagare ya tsira da taku uku.

A ƙauyenmu na ga yadda ake cin iyakar gona. Ka tuge gamba, ka dasa ta gaba, damina ɗaya ta wuce, shi ke nan. Iyaka tana inda gamba take. Na ce turke ma haka ne.

Da unguwa ta watse zuwa masallaci na ɗauki guduma. Na san za su iya gwada faɗin, don haka duka biyun na cire. Kowanne na ƙirga masa taku bakwai gabas na sake kafawa. Na cike tsofaffin ramukan da ƙasa, na ɗora duwatsu. Yanzu ɗakin Badamagare ne a tsakani. Na san abin da nake yi.

Ya dawo da darduma a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi rodin da ke gindin ƙofarsa. Ya dubi hannuna, da tsatsa a jiki.

"Bakano," ya ce, "wannan ma wasa ne?"

Na ce, "Ban san komai ba."

"Kai da ko Juma'a ba ka je ba?"

Ya sa hannu biyu ya fizge rodin. Na ce ya mayar. Ya ce in zo in sa shi. Na je.

Shi ya fara. Ya sauke min rodin a damtse, na ji ƙashi ya ce ƙas. Na sa masa kai a ƙirji muka zube kan tankin, tankin ya fashe, ruwa ya malale lungun. Ya danne ni cikin taɓo, ya shaƙe ni da gwiwa. Mai tura keke ne, ƙafarsa kamar turmi. Na cije shi a cinya har na ji gishirin jini. Matarsa tana ihu tana kiran sunan Allah, tana jifana da kwanuka. Ya kama kaina ya buga da dutse sau biyu, haƙorana biyu suka zube, na haɗiye ɗaya. Hannuna mai lafiya ya lalubo rodin a cikin taɓo. Ban duba ba, na kai masa sama.

A ido ya same shi.

Bai yi ihu ba. Ya sake ni, ya zauna a cikin ruwan, ya rufe fuska da tafin hannu. Jini na bin tsakanin yatsunsa yana sauka a farar rigarsa. Ya ce, "Ka kashe min ido, bawana." A nan mutane suka iso suka janye ni. Wani ya ƙara min da takalmi a baki, ban ga ko wane ne ba.

Ni mai ɗori ya ɗaure min hannu da kara a ɗaki. Shi ido ba ya ɗoruwa. Kwana biyu yana kwance, fuskar ta kumbura ta fara wari, dole aka kai shi asibiti. Shi ma ba shi da takarda. Aka yi masa magani, daga can aka wuce da shi gidan da ake tara waɗanda za a mayar gida. An tambaye shi wanda ya yi masa. Ya ce faɗuwa ya yi.

Ranar Litinin masu awo suka dawo. Muhandis ɗin, injiniyansu, bai ko kalli rodin da na kafa ba. Allon da ke jikin sandar yake kallo, yana tafiya a hankali. Ya matsa hagu, ya ɗan dawo, abin ya yi ƙara, ya tsaya. Leburansa, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya ture dutse da ƙafa. Ramin da na cike ne. Ya sa rodi, ya shige ba guduma.

Na ce, "Baba, yaya aka yi ya gane?"

Ya dubi hannuna da bakina. Ya ce, "Alhaji, kai ne ka taɓa turken?"

Na juya ina kallon ramin.

Ya ce, "Turken nan don mai katafila aka sa shi, ba don mu ba. Iyakar tana sama. Taurarin ɗan Adam ne suke faɗa wa sandar inda take. A da kaɗan ne, duwatsun nan suna tare su, shi ya sa awon yake yawo. Yanzu an harba sababbi, na ƙasashe daban-daban, an kuma buɗe wa farar hula sigina mai kyau. Ka kai rodin nan har unguwar Kudai, gobe a ramin nan zan mayar da shi. Ba zai kauce da yatsa biyu ba."

Ranar Laraba katafila ta hawo. Sara uku ta yi wa ɗakina. Na tsaya da tabarma da tukunya ina kallo. Ta wuce ta gefen ɗakin Badamagare, ko kwanonsa ba ta taɓa ba.

Matarsa ta fito da ƙunshin kaya a ka. Za ta je ta miƙa kanta a haɗa ta da mijinta. Ta kulle ƙofar, ta juyo, ta jefe ni da makullin. Ya same ni a leɓen da ya fashe.

Ta ce, "Ga shi nan. Ka kwana lafiya, in za ka iya."

Na bar makullin a ƙasa har la'asar. Ba ni da inda zan je. Na ɗauka na buɗe. Kekensa yana bayan ƙofa a naɗe, dardumarsa a kai, taɓon ya bushe a jikinta. Na shimfiɗa tabarmata a gefe.