Tagar da Baffa ya toshe

Sana'ata shanu ce. Na fara da riƙe wa mutane igiya a kara, har Allah ya sa na kai ga loda tirela zuwa Kudu da kaina. Abin da kara ta fara koya mini shi ne ba a sayen sa a inuwa. Sai ka jawo shi fili da hantsi, ka ga haƙarƙarinsa, ka ga idonsa. Shi ya sa da na tashi gina wa mahaifiyata ɗaki a gidanmu na Daura, maganar haske na fara yi wa magini kafin maganar bulo.

Idon Inna ya fara yana a lokacin. Likita a Katsina ya ce aiki sai nan gaba, kafin nan a bar ta inda take ganin gari. Tsohon ɗakinta kuwa irin na da ne, taga ɗaya can sama kusa da azara, wadda ko kyanwa sai ta matse za ta wuce. Da rana tsaka tana lalube. Ta daina buɗe Alƙur'aninta, ta daina tsince shinkafa.

A bayan gidan akwai ɗan lambunta, cikin katanga: zogale, lalle, yakuwa, da lemon tsami guda da ta dasa shekarar da mahaifina ya rasu. Na sa aka juya sabon ɗakin ya kalli wannan lambun, gabas sosai. Na ce da magini taga nake so mai faɗi, ta sauko ƙasa yadda wanda ke zaune a tabarma zai ga waje ba sai ya miƙe ba. Aka sa mata ragar sauro da labule fari marar kauri. Bango na ce farar ƙasa kawai. Jeren kwanukanta da kabet ɗin da ke cin rabin ɗaki aka bar su a tsohon ɗakin. Aka shigo da gado, tabarma, buta, randa ƙarama da ɗan akwatin littattafanta. Ranar da ta tare, da hantsi na leƙa na same ta gindin tagar, tabarau a hanci, tana bin layi da yatsa.

Ba ta ce mini komai ba, ban kuma sa rai ba. Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta roƙona, ba ta kai mini ƙara. In tana da magana sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa bango in ji.

Na tafi Kudu da kaya, na yi mako uku. Na dawo na shiga gaishe ta, sai na ji kamar na faɗa rumbu. An toshe tagar da bulo, ko shafe ba a yi ba, an bar wani ɗan rami a sama. Inna na zaune a bakin gado, hannu a cinya. Akwatin littattafan an tura shi ƙarƙashin gado.

Matata ta ce Baffa ne, ƙanen mahaifina. Ya zo kwana biyu da tafiyata, ya tsaya a tsakar gida yana salati, ya aika aka kira magini. Shekarun nan ne da maganar Shari'a ta cika gari, kowane mai gemu ya zama alƙalin gidan wani.

"Ke ba ki da baki ne?" na tambaye ta.

"Ni in yi wa Baffa gardama? Na ce da Inna in yi maka waya, ta ce kul."

Wato mako uku tsohuwa tana cikin duhu, don kunyar ƙanen miji a gefe ɗaya, kunyar ɗan fari a ɗaya gefen. Wannan shi ya fi ci mini rai. Baffa ya san sarai ba za ta buɗe baki ba, shi ya sa ya jira na bar gari.

Magini na fara samu. Ya ce, "Wallahi Alhaji, babba ne ya ce."

"Da ya ce ka toshe ƙofar fa?"

Ya sosa ƙeya.

Baffa na same shi a zaurensa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya kamata, don fushi ba ya hana ladabi.

"Alhajin shanu, an dawo?" ya ce. "Na gyara maka ɓarnar da ka yi. Gidan Musulmi da taga kamar shagon tela! Ubanka ya yi shekara saba'in bai buɗe matarsa haka ba."

"Baffa, wa zai gan ta?"

"Ido ba ya sallama."

"Idon wa? Katanga ta fi ni tsawo, bayanta gona ce."

"Kai dai ka je Kudu ka kwaso bidi'a."

Na ga ba za mu daidaita ba, na roƙe shi mu je wajen limamin unguwa, wanda shi kansa yake bi salla. Ya yarda da sauri, don ya ɗauka ni za a kayar. Liman bai yanke daga zaune ba, ya taso ya zagaya lambun da sandarsa. Ya tambaya ko tagar na kallon hanya. Aka ce a'a. Gidan maƙwabci? A'a. Akwai namijin da ke shigowa ban ruwa? Matata ce ke yi.

Ya juya wajen Baffa. "To Malam, wa ake ɓoye wa baiwar Allah? Zogale?"

"Allah gafarta Malam, haka muka gada."

"Kun gaji ƙaramar taga don katangar kakanninku ta kara ce. Ita kuwa an hana ta karatu mako uku. Wannan alhakin wa zai ɗauka?"

Baffa ya kaɗa rigarsa ya fita. Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, ban fasa zuwa ba, ban kuma ba shi haƙuri ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mutumin da bai taɓa kawo mata ko ƙullin kanwa ba, shi ne ya san inda mutuncinta yake.

Ranar da liman ya yanke, ban jira magini ba. Ni na ɗauki guduma na fasa bulon nan ɗaya bayan ɗaya, matata na kwashewa. Muka share, muka wanke ragar, muka mayar da labulen. Inna tana tsohon ɗakinta duk wannan lokaci, ba ta leƙo ba.

Washegari da hantsi na zo gaisuwa na tsaya daga bakin ƙofa. Tana gindin taga, an jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ba ta dube ni ba. Ta kalli matata, ta nuna waje da haɓa.

"Ki faɗa wa wancan," ta ce, "lemon ya yi fure."