Ragon Sha'abana da Bakina Ya Jawo Wa Fatawa

Har in shiga kabari ba zan manta da ranar da aka ƙwace mana ragon Sha'abana ba. Bayan babban yaƙin Turawa ne, ina kuku a gidan wani muɗawwafi, wato mai saukar da alhazai, a unguwar Misfala ta Makka. Maigida ne a sama, sai wakilinsa Sale, sai mu 'yan wahala: kuku, masu ɗebo ruwa, masu dako.

Sha'abana kuwa, ku yaran yau, walima ce ta ƙarshen Sha'aban, a ci a ƙoshi kafin azumi. Duk shekara maigida kan ba ma'aikata rago guda. Akwai Baba Ɗanjuma mai ɗebo ruwa, tsohon da nake rantsuwa daga Sha'abana sai layya haƙorinsa ke ganin nama. Sunan haƙori dai, guda uku ne.

A shekarar maigida ya tafi Jidda. Ina wasa wuƙa ina ba su labarin garin Masawwa na ƙasar Iritiriya, inda na yi wa wani Ba'italiye girki kafin in tsallako teku. Na ce su ma Nasara suna da azumin kwana arba'in da suke ƙaurace wa nama, shi ya sa tun kakanninsu sukan cinye nama da kitsen gida kaf kafin ya kama. Su rufe fuska da kwali, su yi ta rawa, washegari a shafa musu toka a goshi. Na ƙara gishiri, na ce ubangidana Ba'italiyen shi kaɗai ya tashi da rabin sa.

Ashe Sale na bakin ƙofa.

"To ka faɗa da bakinka," in ji shi. "Koyi da Nasara ne. Babu Sha'abana bana. Khalas, magana ta ƙare!"

Baba Ɗanjuma ya ce, "Ya shaikh, ragon ma ya je Masawwa ne?"

Bai kula shi ba. Washegari ya aiko in same shi a wani gida a Zahir, can bayan gari, da wuƙaƙena. Ina shiga, ga ragonmu a ɗaure, ga abokansa sun baje a kan darduma. Wai ziyara ce kawai.

Sale ya dube ni ya ce, "Yalla, maza, Mamman, shinkafa da nama."

Wallahi kaina ya yi zafin da za a toya gurasa a kai. Na ce, "Jiya haram ne a Misfala. Da ya hawo Zahir tuba ya yi?"

Ya ce in dafa ko in bar aiki. Na naɗe wuƙaƙena a zani na fito. Maigida da ya dawo bai ko neme ni ba. Azumin nan kaf a ɗakin Baba Ɗanjuma na sha ruwa, busasshiyar gurasa muke jiƙawa.

Don haka in kun kama aikin kicin, ku kula: mai hana na ƙasa abinci da sunan addini, ku bi tukunyar ku ga gidan da ta sauka. Ragon nan kuwa, da su Sale suka rasa kuku, an ce rabinsa ɗanye suka ci. Ban taɓa yi musu jaje ba.