Inda Auta Ta Ajiye Na'urorin

A gida Auta ake ce mata, a ofis kuwa Injiniya. A shagon gyaran rediyo na mahaifinsu ta tashi, a kan wani dogon benci, ita da yayanta namiji. Yaya ne ya koya mata narka dalma ta liƙa waya ba tare da ta ƙona yatsa ba, shi ne kuma ke goya ta a keke zuwa makaranta yana tsokanarta wai kanta ya fi jikinta nauyi. Da Baba ya rasu shago ya mutu, Yaya ya ƙetare teku neman aiki, da guminsa ta gama jami'a. Can yake gyaran lifta a dogayen benaye, har ya yi aure. Sai dai takardunsa ba su kammala ba, in ya fito ba zai iya komawa ba. Ita kuma ta nemi biza an hana ta. Shekaru suka yi ta tafiya, ba abin da ke haɗa su sai waya.

Kamfanin da take aiki magani yake kai wa kantuna da ƙananan asibitoci. Manhajar da ake yin oda da ita tana kan wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin ƙasa, kusa da janareta, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga a bokiti. Ranar da kwamfutar ta yi fushi, kantuna su yi ta buga waya suna zage-zage. Auta da abokan aikinta suka yanyanka manhajar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a nata ƙunshin da suke kira kwantena. Saura a samu tarin kwamfutoci da za su ɗauki kwantenonin, da wata manhaja mai kula da su kamar madugu, wadda in kwamfuta ɗaya ta mutu za ta kwashe kayanta ta ɗora wa sauran. Wannan tarin shi ne kilasta.

Manaja ya kira ta ofishinsa ya ce, "Injiniya, ni dai ban san kan abin nan naku ba. Ki duba ki gaya mini inda za mu kafa shi. Amma don Allah ban da ɗakin bokiti."

Ta yi dariya ta ce, "Yallaɓai, ko kai ka ce can, ni ba zan yarda ba."

Hanyoyi biyu suka rage. Ko su sayi nasu kwamfutocin su kai wani gidan ajiyar na'urori a babban birnin ƙasarsu, ko su kai irinsa a ƙasar waje, inda wuta ba ta ko ƙiftawa. Wani dillali ya kawo musu tayin na wajen, ya ce gidan ne zai aiko da takardar gayyata ga injiniyan da zai je haɗa kayan. Da Auta ta ga sunan garin sai da ta sake karantawa. Garin Yaya ne.

Ba ta gaya wa kowa ba a ofis, amma da ta koma gida bakinta ya kasa riƙewa. Mama na tsintar shinkafa ta ajiye tiren.

"Kina nufin ki gan shi da idonki?"

"Mama, ba a yanke ba tukuna."

"To ki yanke mana, ba ke aka ba wuƙar ba? In kin je ki duba mini ko ya rame. Wayar nan ƙarya take yi, kowa ta nuna shi da kumatu."

Kafin mako ya zagayo Mama ta fara ɗinka wa matar Yaya riguna, tana cankar faɗin kafaɗarta daga hoto.

Auta ta shiga gwaji. Ta ari kwamfuta a kowanne daga gidajen ajiyar biyu, ta ɗora manhajar, ta yi ta zagaya kantuna tana tura oda daga wayarta. Na babban birni, kafin ta ɗaga yatsa amsa ta dawo. Na ƙetare kuwa sai ƙaramin zoben nan na kan allon waya ya yi ta juyawa, mai kanti na tsaye, mai ciwo na tsaye. Ta canja kanti, ta canja layi, ta gyara nan ta matse can, ko Allah zai sa ya yi sauri. Ya ɗan yi, amma bai kai ba. Ga kuma wata magana: in wani abu ya ƙone a can, wa zai tashi ya je? Ita da biza ke yi wa wuya?

Ranar da za ta ba da amsa ta daɗe a bakin famfon banɗakin ofis tana wanke hannun da ba shi da datti. Sannan ta shiga ta ce, "Yallaɓai, babban birni. Kwamfutoci uku su riƙe madugun, don in ɗaya ta faɗi biyu su ci gaba, sauran su ɗauki kwantenoni. Mu za mu kula da abinmu."

Manaja ya ce, "Na ɗauka za ki zaɓi yawon jirgi."

Ta ce, "Ni ma na ɗauka."

Da aka tashi cin abinci ta fita bayan ofis, ƙarƙashin inuwar tankin ruwa, ta kira Yaya. Ashe Mama ta riga ta fesa masa tun tuni, har ya roƙi maƙwabcinsa aron katifa. Ya saurare ta har ta kai aya, tana jin ƙarar wani ƙarfe a bayansa.

"Wato kwamfuta ma ta ƙi garinmu," in ji shi.

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me, sarkin kuka? Da kin kawo musu abin da zai riƙa maƙalewa, ai da ni zan fara ja miki kunne. Kin san mutum nawa nake cirowa daga lifta saboda wani ya yi aikin son rai?" Ya ja numfashi. "Katifar dai ba zan mayar ba tukuna."

Mama ta yi kwanaki ba ta kula ta sosai, daga baya ta ninke rigunan ta sa a akwati, ta ce ai yadi ba ya ruɓewa.

Auta ta tafi babban birni a mota, ta ɗaure kwamfutocin a kantarsu da hannunta, cikin wani dogon zaure mai sanyin da ke shiga ƙashi. Da komai ya tashi ta zare wayar wutar ɗaya da gangan, ta tsaya tana kallon allo. Kwantenonin suka yi ƙaura zuwa sauran, ba kantin da ya ko sani. Ta tsaya gaban kantar da ƙananan fitilunta kore ta ɗauki hoto ta tura wa Yaya.

Tana cikin motar dawowa saƙon muryarsa ya shigo. Ya ce aiki ya yi kyau, wayoyin a jere kamar na Baba, amma wa ya ce ta shiga irin wannan wuri ba rigar sanyi? A bayansa ana jin matarsa tana cewa a gaida ƙanwarta. Auta ta jingina kai da gilashi ta sake kunna saƙon, ta kuma sake. Matar da ke kusa da ita ta leƙo ta ce, "Maigida ne?"

Ta ce, "A'a, yayana ne. Yana nesa."